Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Sufuri Ta Birtaniya Kan Layin Woodhead Da Jiragensa Na Lantarki

Mai girma Minista, da manyan jami'an Ma'aikatar Sufuri,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a. Bayan haka, na rubuto ne a madadin wasu iyalai Hausawa mazauna Manchester da Sheffield da garuruwan da ke tsakaninsu, waɗanda neman abinci da karatu da zumunci ke sa su tsallaka tsaunukan Pennine kusan kullum. Cikinmu akwai ma'aikatan jinya, akwai ɗalibai, akwai direbobi, ni kuma aikin wayar lantarki nake yi. A nan muke biyan haraji, a nan 'ya'yanmu ke tasowa, don haka muna ganin muna da bakin magana. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Kukanmu a kan layin dogo na Woodhead ne, wanda ya haɗa Manchester da Sheffield ta cikin tsaunukan nan, aka kuma rufe shi a watan Yulin 1981, da kuma kan jirgin lantarki samfurin EM1, wanda daga baya aka mayar wa suna Class 76. Za mu ɗan tuna muku tarihinsa, domin ƙorafin da muke da shi ba zai fito fili ba sai an san abin da aka yi asara.

A 1936 kamfanin jiragen ƙasa na LNER ya yanke shawarar sa wa layin Manchester zuwa Sheffield da Wath wutar lantarki. Kwal ne dalili. Ana haƙo shi a kudancin Yorkshire, ana buƙatarsa a masana'antun Lancashire, ga tsauni a tsakiya wanda dogon ke hawa har kusa da ƙafa 1,000. A hawan Worsborough kuwa, duk ƙafa 40 da jirgi ya yi gaba sai ya tashi ƙafa 1, abin da ya sa tun 1925 aka ƙera wani ƙaton kan jirgi mai tururi samfurin Garratt don kawai ya riƙa tura taragu ta baya a wurin. Ramuka biyu da aka fafe cikin dutsen Woodhead tun tsakiyar ƙarni na 19 kuma matsattsu ne, kowanne layi ɗaya tal, tsawon mil 3. Direba da mai zuba kwal kan shiga cikinsu hayaƙi ya turnuƙe su, su fito da ƙyar suna haki.

Sir Nigel Gresley, babban injiniyan kamfanin, shi ya jagoranci zana kan jirgin da zai kawo ƙarshen wannan wahala, kamfanin Metropolitan-Vickers na Manchester kuma ya haɗa kayan wutarsa. An kammala na gwaji, mai lamba 6701, a Doncaster a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, Gresley ya rasu a watan Afrilun 1941, yaƙi kuma ya tsayar da aikin kafa waya. Aka ɗan gwada shi a gajeren layin Altrincham, sannan aka kai shi loko aka ajiye, kan jirgi ba dogon da zai bi.

Nan ne labarin ya yi daɗi. Yaƙi ya ragargaza jiragen ƙasar Holan, su kuma irin wutar da suke amfani da ita, DC mai ƙarfin bolt 1,500, ita ce aka ƙera wannan jirgi a kanta. A 1947 aka ba su aronsa, ya yi musu aiki har 1952. Direbobinsu suka laƙaba masa Tommy, sunan da ake kiran sojan Birtaniya da shi, don tunawa da waɗanda suka taimaka wajen 'yantar da ƙasarsu. Da ya dawo gida hukumar jiragen ƙasa ta tabbatar masa da sunan, ta manna masa allo mai bayanin waɗanda suka raɗa shi. Abin da aka koya a can bai tafi a banza ba: an ga ɗakin direba ya yi ƙanƙanta, an ga yadda yake jijjiga idan ya ɗauki gudu, aka gyara zanen kafin a shiga ƙera sauran. Tsakanin 1950 da 1953 ma'aikatar Gorton da ke Manchester ta fitar da guda 57, suka zama 58 har da Tommy.

A matsayina na mai aikin wuta, abin da ya fi burge ni a jikinsa birkinsa ne. Kan jirgin yana da injinan juya ƙafa guda 4, ƙarfinsa ya ɗara doki 1,800, gudunsa bai wuce mil 65 a awa ba, domin don jan kaya aka yi shi. Idan ya gama hawa ya fara gangara da taragun kwal, sai direba ya mayar da injinan nan su zama janareta. Nauyin kayan ne ke juya su, su kuma suna riƙe jirgin kada ya zarce, wutar da suka haifar ta koma cikin wayar sama ta taimaki wani jirgin da ke fama da hawa ta ɗaya gefen. Kamar guga biyu ne a igiya ɗaya, mai sauka yana ɗago mai hawa. Yau masu sayar da motocin lantarki suna tallan wannan dabara kamar jiya aka gano ta, alhali tun 1952, lokacin da aka fara kunna wutar sashen Wath zuwa Penistone, take aiki a kan tsaunukan nan. A shekarun baya-baya, da taragun kwal suka ƙara nauyi, akan sa biyu a gaba biyu a baya a hawan Worsborough, direbobin na magana da juna ta cikin wayar da ke ba su wuta.

Saboda wayar ba za ta shiga tsofaffin ramuka ba, aka fafe sabo mai layi biyu. Ranar 3 ga Yunin 1954 Ministan Sufuri na lokacin, Alan Lennox-Boyd, ya buɗe shi. Dattawanmu na Najeriya sun san wannan suna, domin bayan 'yan makonni aka mayar da shi Sakataren Mulkin Mallaka, shi ya shugabanci tarurrukan tsarin mulki na Landan a 1957 da 1958. Wanda ya zauna a kujerarku ke nan ya yanke ƙyallen. A watan Satumban shekarar jiragen lantarki suka fara kaiwa Sheffield Victoria, fasinja kan bar Manchester ya sauka can cikin ƙasa da awa guda.

To, ranku ya daɗe, ga kukanmu na farko. An kashe wannan layi yana da sauran ƙarfi, kuma mu ne ke biyan kuɗin wannan shawara har yau. An daina ɗaukar fasinja a watan Janairun 1970, ramin da aka kashe dukiya da rayukan ma'aikata wajen fafewa bai cika shekara 16 yana ganin fasinja ba. A 1981 aka sallami jiragen kaya ma. Shekara 27 ke nan duka-duka. Mun san hujjojin da aka bayar, kuma ba za mu ce duk ƙarya ba ne. A 1956 Birtaniya ta zaɓi wutar AC mai bolt 25,000 ta zama ta ƙasa baki ɗaya, sai Woodhead mai wutar DC ta bolt 1,500 ya zama saniyar ware. Dole a sauya kan jirgi a kowane ƙarshen layin, wanda ke cin lokaci da kuɗi. Cinikin kwal yana ja da baya, kayan wutar kuma sun fara neman sabuntawa. Amma babu ɗaya cikin waɗannan da ya nuna jirgin ya gaza ko hanyar ta lalace. Guntun layin da ya tsira, daga Manchester zuwa Glossop da Hadfield, an sauya masa wuta zuwa AC a ƙarshen 1984 kuma yana aiki lafiya lau. Abin da ya yiwu a mil goma sha wani abu, me ya hana shi yiwuwa a sauran?

Shaida mafi ƙarfi tana Holan. Akwai ƙanen EM1 mai suna EM2, wanda aka ƙera don fasinja, guda 7 kacal, masu gudun mil 90. A 1968 aka ajiye su, a 1969 aka sayar wa Holan. Suka farke ɗaya don kayan gyara, suka sa 6 aiki tsakanin Hague da Venlo har 1986. Jiragen da aka ce ba su da amfani a nan sun ƙara shekara goma sha shida suna ɗaukar mutane a ƙasar wasu. Holan ɗin nan kuwa har gobe akasarin layukanta a kan bolt 1,500 suke.

Ga abin da hakan ya haifar mana. Manyan birane biyu da tazararsu ba ta wuce mil 40 ba, hanyar dogo ɗaya ta rage mai haɗa su kai tsaye, wato ta Hope Valley, kuma ba ta da wayar lantarki. Jirgi mai sauri, da mai tsayawa ƙauye-ƙauye, da mai ɗaukar dutse da siminti, duk ita suke rabawa. Idan ɗaya ya makara kowa ya makara. Lokacin tafiyar a yau bai fi na 1954 da wani abin a-zo-a-gani ba, kuma a kan man dizal ake yin ta. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Wanda ya ce zai bi mota kuma, ko dai ya hau titin A628 ya bi bayan tireloli ta Mottram da Hollingworth da Tintwistle, inda mazauna suka shekara da shekaru suna shaƙar hayaƙi, ko ya bi Snake Pass mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda zaftarewar ƙasa ta rufe a 2022. Da dusar ƙanƙara ta sauko, sau da yawa duka biyun ake rufewa.

Wata ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya tana zaune a gabashin Manchester tana aiki a Sheffield. Wani dare cikin hunturu ta tashi aiki ta tarar an soke jirginta, titunan tsauni kuma a rufe. A ɗakin hutun ma'aikata ta kwana, mijinta ya kasa zuwa nasa aikin da safe saboda yara. Irin wannan ba ya shiga lissafin da ake kawo muku ofis, amma a gidajenmu albashin yini guda ne ya tafi, wani lokaci har da takardar gargaɗi daga wajen aiki.

Kuka na biyu ya fi mana ciwo, domin wannan a zamaninmu aka yi shi, muna ji muna gani. Tun shekarun 1960 ake bi da manyan wayoyin lantarki ta ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan. Da suka tsufa, daga 2008 kamfanin National Grid ya fara shimfiɗa sababbi a cikin ramin 1954, wato wanda ya fi kowanne faɗi da lafiya, wanda shi kaɗai ne zai iya sake ɗaukar jirgin zamani ba tare da gagarumin aiki ba. Jama'a sun yi kuka a lokacin, 'yan majalisa sun yi magana, aka ci gaba. A 2013 kuma ma'aikatarku ta ce ba za ta sayi tsofaffin ramukan biyu ba, aka bari a toshe su. Ni mai aikin waya ne, na san dole wuta ta isa Manchester, kuma na fahimci dalilin ƙin kafa turaku a kan tsaunin da ke cikin gandun Peak District. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda bayan shekara biyu gwamnati ta kashe kuɗi tana nazarin fafe wani sabon dogon rami na motoci a ƙarƙashin wannan tsauni dai, nazarin da bai haifar da komai ba. An yarda ke nan akwai buƙatar hanya. Sai dai an riga an rufe wadda ake da ita.

Ga kuma maganar alƙawari. A 2018 ma'aikatarku ta ce tana son kawar da jiragen dizal zalla kafin 2040, alhali layukan ƙasar da ke da waya ba su kai rabi ba. A watan Oktoban 2023, a cikin garin Manchester, aka soke sashen arewa na HS2, wato sabon layin jirage masu tsananin gudu da aka shirya kawowa daga Landan, aka lissafa ayyukan da za su maye gurbinsa, ciki har da sa wa Hope Valley lantarki. Mun ga gyaran da aka kammala a 2024, an ƙara dandamali a tashar Dore, an yi wurin kaucewa kusa da Bamford, kuma mun gode. Turken waya ko ɗaya dai ba mu gani ba tukuna.

Kuka na uku na tarihi ne. Cikin 58 ɗin nan, guda ɗaya tak ya tsira cikakke, mai lamba 26020, wanda aka baje kolinsa a bikin Birtaniya na 1951 a Landan, kuma shi ya ja jirgin ranar buɗe rami. Yana hannun gidan tarihin jiragen ƙasa na York. Tommy kansa, wanda ya yi wa ƙasashe biyu hidima, an ajiye shi a 1970, aka yanka shi aka sayar a ƙarfen gwangwan bayan shekara biyu. Ma'aikatar Gorton an rufe ta tun 1963, lokon Reddish inda ake duba lafiyarsu ya bi baya a 1983. EM2 sun fi sa'a, uku sun tsira, ɗaya ma mutanen Holan ne suka riƙe abinsu suna lallaɓawa.

Yaran Gorton da na Openshaw, ciki har da namu, suna wucewa ta wuraren nan kullum ba su san an taɓa ƙera jirgin lantarki a unguwarsu ba. Ni ma ba a makaranta na ji ba. Wani dattijo maƙwabcina, Bature, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran su, shi ya zaunar da ni ya zana mini yadda ƙafafun gaba da na baya suke haɗe da juna, su ke ɗaukar nauyin ja, gangar jikin kuwa zaune kawai take a kai. Ya ce shi ya sa suke da ƙarfin ja, shi ya sa kuma suke girgiza direba har haƙora. Dattijon ya rasu, kuma babu wanda ya naɗi muryarsa. Sa'o'insa da suka rage duk sun haura saba'in. Wasunmu kuma jikokin ma'aikatan reluwe ne a Zariya da Kaduna da Kafanchan, kuma a Gorton ɗin nan, a ma'aikatar Beyer Peacock da ke tsallaken dogo, aka ƙera jiragen Garratt da suka yi aiki a Najeriya tun shekarun 1930. Unguwar tana da haƙƙi a kanmu ta wannan fuska ma.

Saboda haka muna roƙon abubuwa kamar haka, kuma mun auna su daidai da abin da muka san za ku iya.

Muna so ku fito a rubuce ku kare shimfiɗar tsohon layin, daga Hadfield ta kwarin Longdendale zuwa Dunford Bridge da Penistone har Deepcar, kada a ba kowa izinin gini a kanta. Masu tafiya a ƙasa da masu keke da ke morar ta yanzu su ci gaba, ba mu da ja a kan haka, mu ma da rani can muke kai yara. Gida ko sito ne idan ya hau kanta, shi ke nan an gama.

Muna so a yi nazari na gaskiya, a wallafa shi kowa ya karanta, kan abin da maido da jirgi zai ci: ko dogo zai iya zama tare da wayoyin a rami ɗaya, ko mayar da wayoyin wani wuri ya fi sauƙi, ko sai an fafe sabo. Idan lissafi ya nuna ba zai yiwu ba, a nuna mana lissafin. Kwal ya tafi, tashar wutar Fiddlers Ferry da jiragen nan suka yi ta kai wa kaya an rufe ta a 2020, mun sani. Amma kwantenonin da ke tsakanin tashar ruwan Liverpool da ta Humber suna nan, kuma a bayan tireloli suke hawa tsaunin. A sa su cikin lissafin.

Game da Hope Valley, rana muke nema. A faɗa mana shekarar da za a fara kafa waya da shekarar da za a gama, da inda kuɗin zai fito. Idan kuma an janye alƙawarin, a faɗa mana ƙarara, mu san inda dare ya yi mana, domin akwai masu shawarar inda za su kama haya ko su karɓi aiki bisa wannan magana.

Mun san gidajen tarihi ba a ƙarƙashinku suke ba, amma kalmarku tana da nauyi wajen takwarorinku. A watan Yunin 2029 ramin zai cika shekara 75 da buɗewa. Muna roƙon ku sa baki a kawo 26020 aro zuwa Manchester ko Sheffield a wannan shekara, a ajiye shi inda ɗan makarantar Gorton ko na Wath zai je ya gan shi da kuɗin bas, a buɗe gefensa a nuna wa masu koyon aikin wuta yadda birkin nan yake mayar da lantarki. Ƙasar da ke kukan ƙarancin injiniyoyi bai kamata ta ɓoye irin wannan abin koyarwa ba.

Na ƙarshe shi ne mafi arha, kuma shi ne ba ya jira. A ware ɗan kuɗi, a ba wata jami'a ko ɗakin karatu na yankin, a bi direbobi da makanikai da masu ba da hannu da suka yi aiki a layin a naɗi bayanansu tun suna raye, a kuma kafa alluna masu bayani a Gorton da Reddish da Wath. Matasanmu a shirye suke su taimaka da ɗaukar murya da rubutawa kyauta, in an ba su dama.

Muna sauraron amsarku a rubuce, kuma duk abin da kuka aiko za mu karanta wa jama'armu shi kamar yadda ya zo. Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,

Wani ma'aikacin lantarki a Manchester, a madadin iyalan Hausawa masu zirga-zirga tsakanin Manchester da Sheffield